Matakan Gina Jimlar Sa Wani Aiki a Turanci

Ɗaliban Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, waɗanda yawancinsu da Faransanci suka fara boko, sukan nemi kalma guda da za ta maye gurbin faire, kalmar da Faransanci ke amfani da ita wajen sa wani aiki, alhali kuwa Turanci ya raba wannan aiki tsakanin make, have, get da let.

Da farko, ka tantance yadda aka sa mutumin aikin. Idan tilasta masa aka yi, make za ka ɗauka. Idan izini aka ba shi, let ce, wato "bari" a Hausa. Idan aikin aka danƙa masa, have. Idan kuma lallashinsa aka yi har ya yarda, get.

Na biyu, ka ambaci wanda aka sa, sannan aikatau ya biyo baya. Bayan make, have da let, aikatau yana zuwa ba tare da to ba: The teacher made us stand. Get ce kaɗai take buƙatar to: I got my brother to drive. A nan aka fi yin tuntuɓe, kuma a ganina haddace misalan nan biyu ya fi haddace doka amfani. Sai dai idan aka juya jimlar make, aka fara da wanda aka tilasta wa, kalmar to takan dawo: We were made to stand.

Na uku, idan ba ruwanka da wanda ya yi aikin, kamar mai kai yadi wurin tela gabanin Sallah, ka sa abin da aka yi wa aikin bayan have ko get, sannan siffa ta uku ta aikatau (past participle, kamar sewn daga sew): I had my shirt sewn.