Yadda za ka auna hasken koriyar leza da faifan CD a ɗakinka

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗaliban fiziks na nan Kebbi da maƙwabtanmu na Zamfara. Wani ƙanena da ke ajin ƙarshe ya same ni a Birnin Kebbi kwanakin baya duk ya damu, wai an ba shi furojet kan leza da kiristal masu canza launin haske alhali bai taɓa ganin ko ɗaya da idonshi ba sai zane cikin littafi. Na ce mishi ka tafi kasuwa wajen masu saida tocila da kayan waya ka sayo koriyar lezar nan mai kama da biro, ka tabbata an rubuta 532nm a jikinta (nm na nufin nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita), ka haɗo da faifan CD wanda ba a ɗora komai a kai ba, ka dawo mu zauna. Abin da munka yi da shi ne zan rubuta nan don wani ma ya amfana.

Da farko ka san mi ke hannunka. Wanga koren hasken ba kore ne tun asali ba. Cikin bututun akwai ɗan dayod da ke fidda haske mai tsawon zango nanomita 808, wanda ido kusan bai ganinshi. Hasken na faɗawa cikin wani ɗan kiristal da ake kira Nd:YVO4, shi kuma ya sha shi ya fidda nashi hasken leza a nanomita 1064, wanda shi kam ido bai ganinshi sam. Sai kiristal na biyu, KTP, ya haɗa ƙwayoyin hasken nan bibbiyu su zama ƙwaya ɗaya mai ninkin ƙarfi, tsawon zango ya rabu biyu, 1064 ta koma 532, shi ne koren da kake gani. To duk abin da taken furojet ɗinka ya ƙunsa, lezar da ke aiki da daskararren kiristal da kuma kiristal mai juya launi, gaba ɗaya suna cikin abin da bai fi biro ba. In ka ga an rubuta 520nm kar ka saya don wannan aikin, waccan dayod ce zalla babu kiristal ciki.

Kafin ka danna maɓalli, maganar ido. Don Allah ka ɗauke ta da muhimmanci. Lezar kirki ana sa mata filta a baki mai tare 808 da 1064, amma masu araha da yawa babu shi, kuma hasken da ba ka gani bai sa ka ƙifta ido, haka zai wuce har bayan idonka ya ƙona. A 2010 masu bincike na hukumar NIST ta Amurka sun gwada wata mai araha sunka tarar hasken ɓoyen da take fiddawa ya fi koren yawa nesa ba kusa ba, kuma da faifan CD da kyamarar kwamfuta sunka nuna yadda kowa zai iya ganewa, daga nan dabarar tamu ta samo asali. Don haka ka yi aikin a ƙasa kan tabarma ko ɗan gajeren benci kai kana tsaye ko zaune a bayan lezar, yadda hasken bai zuwa daidai tsayin ido, ka cire agogo da zobe, ka juya madubi, ka kulle ƙofa kar yara su shigo. Baƙin gilashin rana bai kare komai, kar ka dogara da shi.

Yanzu faifan. Jikin CD akwai layuka sirara ƙwarai, tsakanin layi da layi kamar nanomita 1600, su ne ke warwatsa haske kowane launi ya kama hanyarshi. Ka ɗan karce gefen da ke da rubutu da reza, ka manna salatif ka fizge, azurfar za ta biyo shi ta bar maka roba garau da haske ke ratsawa. Na fi son wannan da amfani da faifan yadda yake, don in da azurfar hasken dawowa yake yi baya wajen fuskarka. Ko bayan ka ɓare, kaɗan na dawowa, shi ya sa nake tsaida kwali mai 'yar huda daidai bakin lezar tsakanina da faifan. Ka kafa faifan a tsaye da ƙullin laka ko filogin shanya, ka ɗaure lezar da roba jikin bulo yadda ba ta motsi, hasken ya bugi faifan kai tsaye ba a karkace ba, wajen gefe inda layukan sunka fi miƙewa. Sai ka manna farar takarda jikin bango, tazarar santimita 50 cif daga faifan. Wanga awon shi ne ran aikin, ka maimaita shi sau uku da rula.

Ka kashe wuta ka kunna. Za ka ga ɗigo mai haske a tsakiya, da ɗigo ɗaya dama ɗaya hagu, can nesa kuma wasu biyu masu rauni. Ka yi alama da fensir bayan ka saki maɓalli ko ka sa abokinka ya yi yana ba hasken baya. In komai ya zauna daidai ɗigon farko zai faɗa wajen santimita 17.6 daga tsakiya, na biyu wajen 44.5. Lissafin guda ne: ka raba tazarar ɗigo da tazarar bango ka nemo kusurwa θ da tan⁻¹ a kalkuleta, sannan d sinθ = mλ, inda d ita ce tazarar layukan faifai, m lambar ɗigo, λ kuma tsawon zangon hasken. Kusurwar farko za ta ba ka kamar digiri 19.4. In naka ya ɗan saɓa kar ka tsorata, wasu faya-fayan layukansu sun fi matsuwa. Abin da nake ba da shawara shi ne ka juya lissafin, ka ɗauki 532 a matsayin abin da ka tabbatar, don kiristal ne ya tsaida ita ba ta yawo, ka fidda d ta faifanka, daga nan faifan ya zama ma'auninka. Ka gwada jar leza ta makulli mai 650, ya kamata ta faɗa wajen santimita 22.

Inda abin ya fi daɗi shi ne farautar hasken ɓoye. Ka fara gwada kyamararka da rimot ɗin talabijin, in ka danna ka ga bakinshi na walƙiya a sikirin to tana ganin abin da ido bai gani. Sau da yawa kyamarar gaba ta waya ta fi ta baya, kuma kyamarar CCTV in ta shiga yanayin dare ta fi su duka. Ka nuna ta ga takardar bango, ba ga bakin lezar ba. In lezarka babu filta za ka ga wani ɗigo a sikirin wajen santimita 29, tsakanin koren farko da na biyu, ka ɗaga kai ka duba bango babu komai nan. Wannan shi ne 808 na dayod. Ranar da ƙanen nan nawa ya gan shi shiru ya yi ya daɗe shina kallon waya shina kallon bango.

Shi 1064 akwai tarko a wajenshi, kuma in ka fahimce shi ka fahimci darasin duka. Tunda shi ninkin 532 ne daidai, ɗigonshi na farko kan ɗigon kore na biyu yake sauka, kusurwa ɗaya, digiri 41.7, don haka ba za ka gan shi a ware ba, ga shi kuma kyamarar waya da ƙyar take jin shi. Ka rubuta haka cikin rahotonka yadda yake, kar ka ƙirƙiri ɗigon da ba ka gani ba. Mutanen da sunka fara ninka ƙarfin ƙwayar haske irin yadda KTP ke yi, a 1961 a jami'ar Mishigan, Peter Franken da abokan aikinshi, da lezar rubi mai nanomita 694 da kiristal na kwaz sunka yi, shekara ɗaya kacal bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960, kuma hasken 347 da sunka samu ya yi rauni har wajen buga takardar anka goge ɗigon daga hoton ana zaton datti ne.

Sai batun zafi, wanda mu nan Allah ya hore muna shi kyauta. Ka samo ɗan allon sola na tsohuwar kalkuleta ka haɗa da mita mai auna karan na lantarki, ka aje shi daidai kan ɗigon kore na farko, nan ne kore yake shi kaɗai babu gaurayen hasken ɓoye. Ka auna da asubar hunturu, ka sake aunawa da azahar, in lokacin bazara ne ka sa lezar cikin leda ka ɗaure ka ɗora kan fiya wata mai sanyi na minti goma, kar raɓa ta shiga ciki. Kowane awo ka rubuta zafin wurin. Za ka ga ƙarfin koren na hawa da sauka, dalili kuwa dayod ɗin na gocewa kamar nanomita 0.3 duk digiri ɗaya, in ya kauce wa 808 kiristal na farko bai ƙoshi, shi kuma KTP yana buƙatar hasken da ya shiga da wanda yake haifarwa su riƙa tafiya taku ɗaya cikinshi, zafi na taɓa wannan ma. Haka in batir ya yi rauni koren ne ke fara mutuwa, don ƙarfinshi na bin murabba'in na 1064, in wancan ya ragu rabi shi sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kenan lezar da ta dushe ba ta zama marar haɗari ba.

Canza tsawon zango yadda kake so kam wannan lezar ba ta yi, an manne kiristal ɗinta a kusurwa ɗaya. Manyan ɗakunan bincike na amfani da lezar Ti:sapphire da Peter Moulton ya fito da ita a 1982, wadda ake iya jan ta daga wajen nanomita 650 zuwa 1100, ko kuma na'urar OPO, inda kiristal ke yin akasin abin da KTP ɗinka ke yi, ya fasa ƙwayar haske ɗaya zuwa biyu. In ka ba shi 532 ya fidda 800, dole ɗayan ya zama wajen 1588, kana juya kiristal ɗin ko kana ƙara mishi zafi lambobin na sauyawa. Wannan babin a kwamfuta za ka yi shi. Ka nemo lissafin Sellmeier, wato wanda ke nuna saurin haske cikin kiristal a kowane tsawon zango, na kiristal BBO, wanda masanan Sin sunka samar a Fujian ƙarƙashin Chen Chuangtian, ka zuba a Excel ko Python ka nemo kusurwar da takun ke daidaita. Don maida 1064 zuwa 532 amsar na kusa da digiri 22.8, don maida 800 zuwa 400 kuma kusa da 29.2. In lambarka ta fito nesa da waɗannan ka koma ka duba ko ka sa tsawon zango a nanomita inda lissafin ke son maikromita, nan ne ƙanena ya maƙale kwana biyu. In sun fito daidai ka ci gaba da sauya tsawon zangon daga 700 zuwa 1100 ka zana jadawalin, ka kai ma malaminka tare da takardar bangon mai alamun fensir.