Kafintoci, ku lura da inda kuke tura rauta

In za ka gyara bakin katako da rauta ta hannu, wato injin sassaƙa mai wuƙa mai juyawa, tura ta daga hagu zuwa dama, bakin katakon yana fuskantarka.

Wuƙarta na juyawa fiye da sau 20,000 a minti. In ka tura ta daga dama zuwa hagu, sai ta fizge ta gudu da hannunka. Ni ƙofar kabad guda ta cinye min kafin na gane.

Kada ka zurfafa lokaci ɗaya. Milimita 3, ka sake zagayowa.

Amma a kan kai, inda jijiyar katakon ta ƙare, yakan tsage ko da ka bi daidai. Fara da can, sannan dogayen gefuna su share tsagewar.

In an ɗauke wuta kana aiki, kashe makunni nan take, kada a dawo da ita rauta na ajiye a kunne.