Yadda Na Gyara Tsakar Gidanmu da Ruwa Ke Kwanciya

Gidanmu na gado ne a cikin birnin Zariya, kuma duk watan Agusta tsakar gidan tafki take komawa. Ruwa ya kwana, gansakuka ta fito, sauro ya samu wurin hayayyafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne santsi, ga yara masu tatata, ga Hajiya da ciwon gwiwa.

An ce in sa tayil, na ƙi. Tayil mai sheƙi in ya jiƙe ya fi komai kayar da mutum.

Da birkila ya zo, sai ya auna da siririn tiyo mai ruwa a ciki, muka ga bakin rariya ya fi tsakiyar daɓen tudu, to ta ina ruwa zai fita? Aka fasa tsohon daɓen, aka yi ciko, aka daddanne. Ya ba sabon daɓen gangara ta santimita 2 a kowace mita zuwa rariya. Kwaɓin kuwa, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Kafin ya bushe na sa aka ja tsintsiya a kai don ya yi kaushi, sannan aka yi kwana 7 ana yayyafa masa ruwa, kada ya tsattsage.

Indararo ma mun sa masa bututu har bakin rariya. Rijiya kuma aka ɗaga bakinta, aka yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Yanzu ana ɗauke ruwa tsakar gidan ke tsanewa.