Kurakuran da Marubuta Ke Yi Wajen Neman Mai Zanen Littafin Yara a Kumasi

Kuskuren farko yana faruwa ne tun ba a ga mai zane ba. Marubuci zai zo da labari mai kalma 2,000 ya ce a yi masa hotuna, bai san ko shafi nawa littafin zai ci ba. Littafin hoto na ƙananan yara yawanci shafi 24 ne ko 32, domin maɗaba'a a babbar takarda take bugawa sannan a naɗe, sai an samu adadin da zai rabu gida 4, galibi ma gida 8. A shafi 32, in ka cire na suna da na haƙƙin mallaka, buɗi (wato shafi biyu masu kallon juna) 12 zuwa 14 ne za su rage wa labari. Ka rage rubutun ya dawo ƙasa da kalma 500, ka raba shi buɗi-buɗi. Duk abin da ido zai gani, goge shi. In ka rubuta cewa yarinya ta yafa jan mayafi ta ɗauki buta, ka cinye aikin mai zane.

Sai zaɓe da hoto ɗaya, kuma nan ne kuɗi suka fi salwanta. Kumasi cike take da gwanaye: masu zanen allon shago, masu zana fuskar mutum kamar ya yi magana, da waɗanda ke baje aikinsu a cibiyar al'adu ko a Instagram. Amma littafin yara sana'a ce daban. Ana son wanda zai zana yaro ɗaya sau ashirin, yana gudu, yana kuka, yana leƙe ta bayan ƙofa, kuma ya fito shi ɗin ne, ba ɗan shekara biyar a shafi na 6 ba, ɗan goma a shafi na 20. Maganin wannan gwaji ne, kuma gwajin da za ka biya. Ka ba mutum biyu ko uku aiki iri ɗaya: tauraron labarin ta gaba, ta gefe, ta baya, da fuskoki huɗu, sannan hotuna uku a jere masu ba da labari ba kalma ko ɗaya. Ka nuna wa ɗan shekara huɗu. In ya iya faɗa maka abin da ya faru, ka samu mutuminka. Wurin nema mai kyau shi ne jami'ar KNUST, sashen nazarin ɗab'i da na zanen sadarwa. Ɗalibai sun fi sauƙin kuɗi, sai dai in jarrabawa ta zo za ka neme su ka rasa, don haka ka tambayi jadawalinsu tun farko.

In labarinka na zango ne, wanda bai taɓa zama a zango ba zai zana maka zangon da ke kansa. Kar ka tsaya bayani a waya. Kai shi Aboabo ko Asawase da safe, ya ga tsakar gida, da mai koko da ƙosai, da yadda ake ɗaura ɗankwali, da zaman yara a makarantar allo. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Abu biyu sukan kuɓuce: in aka juya hoto a kwamfuta don ya dace da shafi, yaron da ke cin tuwo da dama sai ya koma ci da hagu, kuma iyaye za su gani nan take. Na biyu, allo. Kada a yi wani karce-karce da sunan Larabci, kada kuma a kwafi aya, domin littafin yara a ƙasa yake kwana. A juya allon ya fuskanci yaron, a ga bayansa kawai.

Wasu kan bari a fara launi tun ba a ga tsarin littafin ba. Gyaran fensir minti goma ne, gyaran launi kwana biyu. Sai an zana dukan littafin da fensir, an naɗe takardu kamar littafi, an karanta shi da ƙarfi ana buɗe shafi. A nan za ka ga inda fuska ta faɗa tsakiyar ɗinki, da inda babu wurin rubutu. Kafin nan ma, je maɗaba'a ka tsayar da girman littafi. Ka gaya wa mai zane: 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), launin CMYK (tsarin launin da injin bugawa ke aiki da shi), da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Launin da ke ƙyalli a fuskar waya yakan dushe a takarda, sai ka nemi bugun gwaji. Kuma kar a turo maka aikin ƙarshe a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse shi ya lalace.

Rubutu kuma kada a zana shi cikin hoto. A bar shi daban, don in ka so fitar da na Turanci ko na Twi gobe, ba sai an sake zane ba. Ka gwada salon harafin da ƙ da ɗ da ɓ tun da wuri, da yawa ba su da su.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke hana a yi ta. "Ai ɗan'uwa ne" ba yarjejeniya ba ce. A rubuta: hoto nawa, har da na bango, gyara sau nawa (biyu a fensir, ɗaya a launi ya isa), da ranar miƙa kowane kashi. A raba kuɗin uku: kafin alƙalami, bayan an amince da fensir, sai ranar karɓar aiki. Wanda ya biya duka a farko shi ke bin mai zane da roƙo. Biyan ladan zane kaɗai bai warware maganar mallaka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana son miƙa haƙƙi ya kasance a rubuce da sa hannu. A fayyace ko hotunan na wannan bugu ne kawai, ko har da fassara da fosta, a kuma rubuta cewa sunan mai zane zai fito a bango tare da naka.