Yadda ake gwada ko ɓeran daji na koyon zaɓin abinci daga ɗan'uwansa

Ɓera ba ya faɗa wa sabon abinci kai tsaye. Amma in ya shinshini bakin wani ɓeran da ya ci, ya ji ƙamshin abincin haɗe da iskar numfashinsa, yakan fi sakin jiki da shi. Bennett Galef na Jami'ar McMaster da ke Kanada ne ya nuna haka a manyan ɓeraye a 1983, kuma a 1988 shi da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin kabon daisalfaid da ke cikin numfashi shi ke ɗaure ƙamshin a ƙwaƙwalwar mai shinshinar. Gwajin yana da sauƙi da ɓerayen da aka haifa a ɗakin bincike. Da waɗanda aka kamo a rumbu ko gona, a nan masu farawa ke faɗuwa.

Kayan aiki: keji, garin abincin ɓera, garin kirfa, garin koko na yin cakulati marar sukari, ƙananan kwalabe masu murfi mai huda, da sikelin da ke auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Sikelin kicin ba zai yi ba, domin ƙaramin ɓera guda ba ya cin fiye da 'yan giram kaɗan a yini. Safar hannu da takunkumi dole ne, musamman a Yammacin Afirka inda ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. A tabbatar da irin da aka kama, a kuma samu izinin kwamitin kula da dabbobi na makaranta.

A haɗa ɓerayen biyu-biyu, jinsi ɗaya, su zauna keji guda na mako biyu aƙalla. Kwana uku na ƙarshe a riƙa ba su garin abinci zalla a cikin kwalaben da za a yi gwajin da su. Wanda ya tsallake wannan zai ga ɓera ya ƙi ci, ya ɗauka kirfa ce ba ya so, alhali kwalbar yake tsoro.

Haɗin kuwa sananne ne: kirfa giram 1 a cikin giram 99 na gari, koko giram 2 a cikin 98. A ware ɗaya daga cikin ɓerayen biyu, shi ne jagora, a hana shi abinci amma a bar masa ruwa. A ɗakin bincike akan kai awa 18. Ga ɗan ɓeran daji da bai wuce giram 20 ba, ni na fi son a rage. Da magariba, lokacin da suke fara kiwo, a ba shi abinci mai ƙamshi ɗaya na awa guda. A auna kwalbar kafin da bayan. In bai ci giram 0.2 ba, a ajiye shi, babu ƙamshin da zai kai. Rabin jagororin su ci kirfa, rabi koko, don kada son da ɓeraye ke yi wa ɗaya ya ruɗi sakamako.

Haɗuwar ita ce zuciyar aikin. A mayar da jagora wurin abokinsa na minti 30, babu ƙwayar abinci ko ɗaya a kejin. Abin nema shi ne hanci ya taɓa baki, don haka a zauna ƙarƙashin jan fitila a ƙirga sau nawa hakan ya faru. Ɓerayen daji, maza musamman, in ba su san juna ba faɗa suke yi, ko ɗaya ya lafe a kusurwa har lokaci ya ƙare. Wanda ake kora ba ya shinshinar bakin kowa, kuma sai a rubuta cewa bai koya ba. Shi ya sa zaman mako biyun nan ba a rage shi, ko da kuɗin abinci da keji ya ƙaru. Kada a kama jagora da hannu, a tura shi cikin bututun roba a kai shi. Ɓeran da ya firgita yakan ɓata rabin lokacin yana tsalle a bango. Kada kuma a canza shimfiɗar kejin ranar, warin da suka saba shi ke kwantar da su. In aka ga jini, a raba su nan take, a cire wannan biyun daga lissafi.

Bayan awa 24 a ba ɗan koyon, wato abokin jagoran, kwalabe biyu, kirfa da koko, na awa guda, shi kaɗai. A riƙa sauya wa kwalaben gefe. Garin da ya tono ya zubar a tankaɗe shi daga shimfiɗa a mayar sikeli, in ba haka ba a lissafa ɓarna a matsayin ci. A raba abin da ya ci na ƙamshin jagoransa da jimillar abin da ya ci, a ninka da 100. Ƙungiyar 'yan koyon gaba ɗaya ce ake dubawa, ba ɓera guda ba, ko ta haura 50, a kuma gwada ta da ɓerayen da jagoransu ya ci gari zalla.