An gama bita an raba satifiket, to sai me? Ga masu aikin warkar da firgici a Jos

Duk wanda ya zauna a Jos ya san ba ma rasa masu ɗauke da firgici, daga rikicin Satumba 2001 zuwa na Nuwamba 2008 da Janairu 2010, ga bam ɗin Taminus na Mayu 2014, kusan kowace unguwa akwai wanda har yau in taya ta fashe sai jikinsa ya ɗau ɓari. Shi ya sa ƙungiyoyi suka yi ta zuwa suna koya mana hanyoyin da ba allura ba ƙwaya, jan numfashi a hankali, bubbuga jiki da yatsu da ake ce ma tapin, zaman da'ira, zane ga yara, a haɗa da addu'a. Kwana biyar a otel, shinkafa da kaza, a ɗau hoto, shi ke nan kowa ya kama gabansa.

Ni abin da ya farkar da ni wata baiwar Allah ce da ɗanta ya fita a 2008 bai dawo ba. Wata uku da gama bita, ina jin kaina kamar likita, na ce mata Mama ki faɗa min komai daga farko, ki amayar da shi za ki ji sauƙi. Ta fara, can sai na ga ta damƙe gefen hijabinta, gumi na keto mata ga sanyin Disamba, ido a kan ƙofa kamar yanzu za a shigo, numfashi sama-sama. Na kira lambar malamin da ya koyar da mu, a kashe. Wallahi ranar na san satifiket takarda ce kawai.

Don haka abu na farko, ku nemi wanda zai riƙa duba aikinku, mutum takamaimai mai suna da lambar waya, nas ɗin ɓangaren ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, ku sa rana ko sau ɗaya a wata. Kar ku je hannu rabbana, ku riƙe ɗan littafi kuna rubuta me aka zo da shi, me kuka yi, me ya biyo baya, musamman inda kuka kwafsa, don nan ne karatun yake. Wata nas ce ta fara nuna min cewa ba a matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi, littafin taimakon farko na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ma kalma uku ya tsaya a kai: duba, saurara, sada shi da inda zai samu taimako. Ko tsarin hukumar na taimaka wa masu damuwa da ake kira PM+, da aka yi don irinmu da ba likitoci ba, zama biyar ne, kuma da mai sa ido a cikin tsarin tun daga tushe.

Sai ƙungiyar junanku. Mutum biyar ko shida sun isa, duk sati biyu, in da hali a gauraya Musulmi da Kirista, na Anguwan Rogo da na Tudun Wada, don wani abin sai na wancan ɓangaren zai hango maka. Kuma ba hira za a zauna yi ba, a yi gwaji, ɗaya ya zama mai firgici ɗaya mai taimako sauran su zuba ido, bayan minti goma a faɗa masa gaskiya, ka cika katse ta, ka yi saurin cewa ki yi haƙuri ƙaddara ce, ka matso kusa da yawa. Da zafi fa amma gara a ji shi a nan. Sannan don Allah sirri, Jos ƙaramin gari ne, in ka ce bazawara mai sayar da awara kusa da masallaci kaza ai ka gama faɗin sunanta, a canja unguwa a canja shekaru, kuma kar labarin kowa ya shiga gurup ɗin WhatsApp.

Ku san iyakarku. In mutum na maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko kwana da kwanaki ba barci, ko ya nutse a tiramol da kodin, wannan ya wuce numfashi da tapin, a raka shi ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo, a raka shi na ce, ba a yi masa kwatance ba. In iyali sun ce sai ruƙiyya ko addu'ar fasto kar ku tsaya musu, a yi duka biyun. Ku nemi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ku karanta, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Batun ƙarin horo kuwa, kafin ku biya ko sisi ku tambaya wa zai koyar, a ina ya koya, kuma bayan an tashi wa za mu kira. In ba amsar ta ukun ni dai ba na zuwa. EMDR, wato hanyar warkar da firgici ta motsa idanu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2013 amma aikin ƙwararru ne masu lasisi, duk wanda ya ce zai koya maka a wuni ɗaya kuɗinka yake so. Tapin kuwa hujjarsa ba ta kai nan ba, ku yi amfani da shi don kwantar da jiki, kar ku yi wa kowa alkawarin warkewa.

Na ƙarshe ku kanku. Mu ma fa 'yan garin nan ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, labarin wani sai ya tono naka. In kun fara mafarkin abin da aka ba ku labari, ko kuna yi wa yara tsawa ba dalili, ku rage, ni yanzu ba na wuce mutum uku a rana kuma Juma'a ba na ganin kowa. Mu a zamanmu ɗan adashe muke yi, daga ciki ake fitar da kuɗin Keke na raka mutum Lamingo da katin wayar nas ɗin da ke duba mu.