Yadda ake zaɓen keken hawan dutse mai sauƙin kuɗi don titi da hanyar burji

Idan kuɗinka kaɗan ne, nemi keken da ba a cika masa tarkace ba. Duk wani ƙarin kaya da aka liƙa wa keke mai araha, an rage ingancin wani sashe ne aka biya kuɗinsa. Ga matakan da za ka bi, kuma jerin yana da muhimmanci, don na farkon su ne waɗanda ba sa gyaruwa bayan an saya.

Mataki na 1: Zaɓi mai shok a gaba kaɗai

Kekunan hawan dutse galibi iri biyu ne: mai shok a gaba kaɗai, da mai shok gaba da baya. Don titi da hanyar burji mai ɗan tsakuwa da ramuka, na farkon ya ishe ka. Shok ɗin baya a keke mai araha ƙarfe ne naɗaɗɗe kawai, ba abin da ke danne shi, don haka duk lokacin da ka taka feda sai keken ya riƙa lilo, ƙarfinka ya tafi a banza. Mahaɗansa suna saurin sakwarkwacewa, kuma yana ƙara nauyi. Mai shok a gaba kaɗai na aluminiyam yakan yi kilo 13 zuwa 15. Ɗaga keken da hannu ɗaya a shago. In ya kai kilo 18, ajiye shi.

Mataki na 2: Girman firam

Nan ne aka fi yin asara, domin ana iya canza taya da birki da sirdi, amma firam, wato gangar jikin keken, in ya yi maka girma ko ƙanƙanta sai dai ka sayar da keken. A taƙaice, mai tsawon santimita 160 zuwa 170 yakan hau S, wato inci 15 zuwa 16. Mai 170 zuwa 178 ya hau M, inci 17 zuwa 18. Mai 178 zuwa 185 ya hau L, inci 19 zuwa 20. Kamfanoni sun ɗan bambanta, saboda haka jiki ne zai yanke hukunci.

Tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar aƙalla santimita 5 tsakaninka da ƙarfen sama, don ranar da ka diro daga sirdi ba shiri. Sannan ka hau ka kama kan keken. Gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwasa. In sai ka miƙe hannu gaba ɗaya kafin ka kai ga birki, keken ya yi maka tsawo, kuma wuya da ƙugu ne za su biya. Wanda ya faɗo tsakanin girma biyu ya ɗauki ƙaramin, ya fi sauƙin sarrafawa.

Tsayin sirdi kuma: ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Duba sandar sirdin, akwai layin da aka zana a jikinta. In sai ka fito da ita ta wuce layin nan kafin tsayin ya yi maka daidai, firam ɗin ya yi maka ƙanƙanta, kuma hawa a haka yana tsaga shi.

Mataki na 3: Giya, kada yawan lamba ya ruɗe ka

Giya 21 ko 24 ba alamar inganci ba ce. Faranti uku ne a gaba, wajen feda, aka ninka da jerin haƙora bakwai ko takwas a baya, kuma da yawansu maimaici ne. Keke mai faranti ɗaya a gaba da giya 9 ko 10 a baya, ko faranti biyu da 8, ya fi sauƙin saiti kuma sarƙa ba ta yawan zamewa. Mai yawan hawa titi ya lura da abu ɗaya: faranti ɗaya mai haƙora 30 ko 32 yana ƙure gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, nan faranti biyu ya fi.

Karanta sunan da ke jikin na'urar canza giya ta baya. A jerin Shimano, Tourney ce ta ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. Daga Altus zuwa sama ka tsira. CUES ta Shimano da Advent ta kamfanin microSHIFT ma suna aiki da kyau. Wasu masu haɗa keke sukan sa Shimano a baya inda ido ke gani, sauran kayan kuma marasa suna, don haka ka duba madannin da ke kan keken shi ma.

Abin da ya fi wannan muhimmanci yana ɓoye a tsakiyar wilin baya. Haƙoran baya iri biyu ne: firiwil da ake murzawa a kan zare, da kaset da ake zurawa a ɗaure da zobe. A firiwil, boris na gefen dama yana zaune can ciki, sai wani dogon ɓangare na sandar wili ya rage ba madogara. Mai nauyi, ko mai faɗawa ramuka, zai lanƙwasa sandar ko ya karya ta. A kaset boris ɗin yana kusa da firam, nauyi ya rabu daidai. Mafi yawan kekuna masu giya 7 a baya firiwil ne, masu 8 zuwa sama galibi kaset. Tambayi mai shago kai tsaye.

Duba kuma ɗan ƙarfen da na'urar giya ke rataye a jiki. Ya zama mai kwancewa da noti. An yi shi ne ya lanƙwashe ko ya karye in keke ya faɗi, don firam ya tsira.

Mataki na 4: Birki

Birkin faifai mai aiki da mai, irin Shimano MT200 ko na Tektro, shi ne inda ƙarin kuɗi ya fi amfani. Yatsa ɗaya ko biyu sun isa, kuma yana kamawa a ruwa da laka. Birkin faifai mai waya ya fi sauƙin gyara, amma yana son saiti a kai a kai yayin da fatar birkin ke cinyewa. Birkin roba mai matse rim, in mai kyau ne, ya fi birkin faifai mara suna. Faifai mai milimita 160 ya isa wannan aiki. Matsa hannun birki: ya tsaya da ƙarfi kafin ya taɓa kan keken. In ya yi laushi kamar soso, iska ta shiga man.

Mataki na 5: Shok ɗin gaba, wili da taya

Shok mai motsin milimita 80 zuwa 100 ya wadatar. SR Suntour XCT da XCM su aka fi samu a wannan aji, suna da nauyi amma suna jurewa. Nemi mai makulli, ka kulle shi a kan kwalta. Danna shi da ƙarfi ka saki: ya dawo sumul ba tare da bugawa ba.

Wili mai inci 29 ya fi hawa kan ramuka da riƙe gudu, 27.5 ya fi dacewa da gajeru, 26 kuma za ka fi samunsa a tsofaffin kekuna. Rim ya zama mai bango biyu. Taya mai faɗin inci 2.0 zuwa 2.25 da ƙananan ƙuraje a jere a tsakiya ita ce ta titi da burji. Manyan ƙuraje suna ƙugi a kwalta, suna cin ƙarfi, suna saurin cinyewa. Iska kuwa, wajen 40 na ma'aunin PSI a titi, wajen 30 a burji, kada ka wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. In iska ta yi ƙasa sosai, rim zai cije tif a bakin rami ya huda shi wuri biyu.

Mataki na 6: In na hannu ne

Keken hannu na kamfani mai suna sau da yawa ya fi sabo mara suna a kuɗi ɗaya, amma sai ka bincika. Goge firam ka duba wuraren walda, musamman ƙarƙashin wuya, inda kan keken ke shiga firam, da gindin sandar sirdi. Siririn layi a fenti na iya zama tsaga, kuma firam ɗin aluminiyam da ya tsage ba abin saye ba ne. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki. Girgiza kowane wili gefe da gefe, haka ma ƙafar feda. Juya wili ka ga ko yana rawa. Ƙarafunan shok biyu su zama ba tsatsa ba ƙarzuwa. Auna sarƙa da rula: daga ƙusa ta farko zuwa ta 25, sabuwa inci 12 ce cif. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta buɗe. In ta kai ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran, sai ka lissafa kuɗin su duka. Nemi rasit, ka duba lambar da ke ƙarƙashin firam ba a kankare ta ba.

Mataki na 7: Hau kafin ka biya

Yi minti 10 a kai. Bi ta kowace giya hawa da sauka, taka da ƙarfi a tsaye ka ji ko sarƙa na tsalle, ka ja birki a guje. Ware wani abu daga kuɗinka don hular kwano, famfo, tif na ajiya, fitila da makulli.

In a kwali keken ya zo, kai wa mai gyaran keke ya haɗa. Kurakuran da aka fi yi su ne juya fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, baya ya koma gaba, da ɓata zaren fedar hagu, wadda ake ɗaure ta ta hagu. Bayan mako uku ko huɗu wayoyin giya za su ɗan saki, sai ka mayar a sake saiti a ɗaure notuna. Kuma lokacin sa wa sarƙa mai, rufe faifan birki da tsumma mai tsabta, don ɗigo ɗaya ya isa ya lalata fatar birkin.